Ranar da Aka Kai Ƙarar Auta

Duk wanda ya leƙa ajin Malama a farkon zangon nan, da yabo yake fita. Iyaye su yaba, shugabar makaranta ta yaba, har mai kawo ruwan sha ya taɓa tsayawa a bakin ƙofa da jarka a kafaɗa, ya ce shi dai bai taɓa ganin yara masu tausayi irin waɗannan ba. Malama ba ta taɓa musa wa kowa ba. Don me za ta musa? Ita ta san irin wuyar da ta sha kafin a zo nan, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin aikinsa.

Ajin 'yan shekara huɗu ne. Ɗaki ne mai taga biyu, da shimfiɗar roba a tsakiya, da ƙananan kujeru ja da shuɗi waɗanda in babba ya zauna sai gwiwarsa ta nemi haɓarsa, da ƙugiyoyin rataye jaka a jere a bango daidai tsawon masu jakunkunan. Cikin yaran akwai mai na'urar ji a kunne. Akwai wanda in hayaniya ta yi masa yawa sai ya shige ƙarƙashin teburin Malama ya yi zamansa, ba mai ce masa uffan har ya fito don kansa. Sannan akwai Auta.

Auta sunan gida ne, ya biyo ta makaranta ya zauna. An haife ta da lalurar da ta taɓa mata ɓarin jiki na hagu. Tana tafiya, amma da jan ƙafa. Tana magana, amma kalma kan daɗe a hanya kafin ta iso. Hannunta na hagu kuwa a dunƙule yake, naɗe a ƙirji, ba ruwansa da harkar kowa. In ka cire wannan, yarinya ce mai wayon tsiya, ga dariyar da in ta fara ba ta tsayawa sai ta kwashi ajin gaba ɗaya. Babanta kafinta ne, shi ke kawo ta a babur kullum da safe, da garin katako a gashin girarsa tun rana ba ta yi zafi ba.

A makon farko gudunta yaran suke yi. Wani ma kuka ya fashe da shi, wai in ya zauna kusa da ita shi ma hannunsa zai lanƙwashe. Malama ta ɗaura ɗamara. Ta yi waƙa, ta yi labari, ta yi nasiha, ta ce 'yan aji ɗaya 'yan'uwan juna ne, kowa ya taimaki ɗan'uwansa. Wanda ya ɗaukar wa Auta jaka, a yi masa tafi. Wanda ya miƙa mata fensir, a yi masa tafi. To, yaro da tafi, ai ba sai an ba ka labarin abin da ya biyo baya ba.

Kafin wata ya zagayo, babur ɗin kafinta ba ya gama tsayawa sai an yi masa caa. Wannan ya karɓi jaka, wancan ya karɓi gorar ruwa, biyu su kama kokawa a kan wanda zai cire mata takalmi. Mai raba aikin wata 'yar guntuwar yarinya ce da Malama ta laƙaba wa Uwar Gayya, mai jelar kitso biyu da 'yan duwatsu a bakinsu, da muryar da ake ji tun daga ofishin shugaba. Ita ke cewa yau wane zai riƙe jaka, wance ta riƙe jiya, ta haƙura. Manyan ayyukan kuwa, irin su buɗe gora da goge baki, ba ta ba kowa, nata ne. Har magana ta ɗauke wa Auta.

"Auta, wannan wane launi ne?" in ji Malama.

Auta ta buɗe baki, kalma ta kamo hanya.

"Ta ce ja ne," in ji Uwar Gayya.

Ita kuwa Auta me ya fi mata? Ta miƙe ƙafa a sa mata takalmi, ta ɗaga haɓa a goge mata baki, ta nuna abu da ido ya taho da kansa. Malama takan tsaya ta kalli wannan duka, zuciyarta ta yi fari tas.

Ana nan sai likitar da ke yi wa Auta gashin ƙashi a asibiti ta nemi izinin zuwa ta ga yadda yarinyar ke wuni a aji. Ta zo, doguwar mace marar yawan magana, ta naɗe kanta a kan 'yar kujera shuɗiya can ƙarshen ɗaki. Malama ta yi ta satar kallonta, tana jiran murmushin da kowane baƙo ke yi. Shiru. Da yara suka fita wasa, likita ta miƙe tana miƙar da baya.

"Malama, tun safe hannun nan nake kallo. Kin ga ya yi wani abu?"

"Ai yaran ba sa barin ta ta wahala," in ji Malama.

"Na gani. Yaran kirki ne, Allah ya yi musu albarka. Amma ko na daman ma hutu yake, balle na hagun. Me zai sa ya motsa, ga 'yan aiki cike da ɗaki? Yanzu ya fi ƙagewa a kan lokacin da ta shigo makaranta. Abin da nake buɗewa a asibiti, a nan ake rufe shi."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Malama ciwo, don da faɗa ne da ta samu abin ramawa.

Da aka tashi, likita ta maimaita wa baban Auta maganar a bakin ƙofa. Ya saurara da hular kwanonsa a hannu, bai katse ta ba. Can ya ce akwai cibiya a ɗaya gefen gari, ta yara masu irin lalurar Auta, inda gashi da motsa jiki su ne aikin wuni. An daɗe ana ba shi shawarar ya kai ta can, shi ne ya ƙi, don yana so ta tashi cikin sa'o'inta.

"Zan jira ƙarshen zango, Malama," ya ce. "In hannun bai motsa ba, dole in mayar da ita can. Ba don kin gaza ba."

Wannan "ba don kin gaza ba" ita ta raka Malama har gida. Ba ta raina cibiyar ba, ta san mutanen wurin sun san aikinsu. Amma tana son yarinyar nan, so na gaske, kuma ta tabbata a cikin hayaniyar ajin nan ya kamata ta girma. Ta wuni ta kwana tana faɗa da likita a zuci. Wai 'yan aiki. Yaran da ta sha wuya ta koya wa tausayi, su ne za a zo a kira 'yan aiki? Washegari da safe tana tsaka da wannan faɗan ta tsinci yatsunta a kan maɓallin rigar Auta, suna ɓalla shi, ba wanda ya roƙe su. Ta janye hannun a hankali. Ashe shugabar 'yan aikin ba Uwar Gayya ba ce.

Ta tara yaran a kan shimfiɗa. Ta ce daga yau akwai sabuwar doka. Auta za ta fara gwada komai da kanta. Mai son taimako sai ya tambaya tukuna, ya kuma jira amsa ta fito daga bakin Auta, ba daga bakin maƙwabciyarta ba. Kafin amsar ta iso, kowa hannu a aljihu.

"Malama, ni ba ni da aljihu," in ji wani.

"To kama kunnenka."

Haka aka yi. Da lokacin fita wasa ya zo, Auta ta zauna a kujerarta ta miƙe ƙafa yadda ta saba. Ba wanda ya motsa. Ta duba dama, ta duba hagu, ta ga jama'arta a tsaitsaye, rabi hannu a aljihu, rabi riƙe da kunne, duk sun zuba mata ido. Ta ƙara miƙe ƙafar, ko ba su gani ba ne. Da ta gane da gaske ake, sai ta cika ta yi fam, ta kalli Malama kallon da ba a yi wa babba, sannan ta ɓare baki. Uwar Gayya ta taya ta, kukanta ma ya fi na mai takalmin.

"Malama, ba ki da tausayi," ta ce cikin shessheƙa.

Malama ta zauna a ƙasa kusa da Auta, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyarta ta danne, don ita kanta ba ta yarda da su ba. Ta ce, "Sa yatsa a baya ki ja. Ina nan, ba inda za ni." Ranar rabin lokacin wasa a kan takalmi ɗaya ya ƙare, shi ma a karkace ya shiga.

Kada ka ɗauka daga nan aka samu lafiya. Yaran da aka saba wa tafi ba sa tuba a rana ɗaya. Taimako ya koma na ɓoye. Malama ta juya ta rubuta abu a allo, kafin ta waiwayo takalmi ya shiga ƙafa, kowa kuma hannu a aljihu, fuska ba alamar laifi. Gorar da ta ɗaure da kanta da safe, sai a same ta a kwance, murfi na jiran a taɓa shi kawai. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta naɗa Uwar Gayya mai gadin doka. Kai, aikin ya karɓe ta. Ba wanda ya isa ya matso kusa da Auta, tsawa ɗaya take yi yaro ya kama kunnensa. Sai dai a fahimtar Uwar Gayya, dokar ta sauran yara ce, mai gadi ba ta ciki.

Malama ta shiga ƙirƙiro ayyukan da hannu ɗaya ba ya iya musu. Ta kawo kwanon roba mai santsi, wanda in ba a riƙe ba sai ya gudu daga cokali. Ta kawo tsoffin jaridu a yi ta yagawa. Ta kawo yumɓu a murza. Ajin gaba ɗaya ke yi, don kada Auta ta ga ita ake nufi. Amma yarinyar nan ta fi ƙarfin dabara. Kwano ta tare shi da ciki. Jarida ta danne ta da haɓa. Yumɓu ta take shi da gwiwar hannu. Duk wata gaɓa ta jikinta ta shiga aiki, ban da wadda ake nema, ita tana nan naɗe a ƙirji ko a jikinta.

Abu ɗaya ya canja, shi ma Malama ba ta ba shi muhimmanci ba a lokacin. Ranar da Auta ta matse gora tsakanin gwiwoyinta ta murɗe murfin har ya buɗe, ta daɗe tana kallon murfin a tafinta. Ruwan ma ba ta sha ba. Ta mayar ta rufe, ta sake buɗewa. Tun daga ranar ta samu sabuwar kalma, gajera, wadda ba ta daɗewa a hanya. Ka ce, "In taya ki?" kafin ka rufe baki ta ce, "Ni." Takalmi, ni. Jaka, ni. Har share allon da ba ta kai tsawonsa ba, ni.

Zango kuwa yana ta ƙarewa. Kullum in kafinta ya zo ɗaukar 'yarsa, hannun yake fara kallo, sannan ya kalli Malama, sannan su gaisa. Bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa cewa komai ba. Ta fara hango ƙugiyar Auta a bango ba jaka, ta yi ta korar tunanin yana dawowa.

Ranar da abin ya faru, saura kwanaki kaɗan a yi hutu. Bayan cin abinci ne, an zube guntayen katako a kan shimfiɗa kowa na gini. Malama na durƙushe a ɗaya gefen tana gyara wa mai na'ura na'urarsa da ta zame. Auta ta daɗe tana ɗora katako kan katako da hannun dama, harshe a waje, gini ya tashi har ya kai mata ƙirji. Saura guntu ɗaya, ja, yana hannunta. Ginin na rawa. Uwar Gayya na tsaye a kanta, hannu a aljihu, tana ta dire-diren ƙafa, abin na cin ta.

"In taya ki?"

"Ni."

"Zai faɗi fa."

"Ni."

Uwar Gayya ta yi iyakar haƙurin da Allah ya ba ta, wanda ba shi da yawa. Wuf ta zare hannu daga aljihu, ta sunkuya ta kama jan katakon. Auta ta ƙi saki. Wannan ta ja, wannan ta ja. Hannun dama na Auta ya riga ya shiga faɗa, ba halin ya saki, ga jelar kitson Uwar Gayya na lilo a gaban hancinta.

Malama ta ɗago daidai lokacin. Ta ga gwiwar hannun hagu ta rabu da ƙirji. Ta ga hannun ya miƙe yana rawa, yatsun na buɗewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da ƙyar, har tafin ya bayyana. Sannan caraf, suka rufe a kan kitso, suka ja.

Gaskiya ita ce Malama ta tsaya kallo fiye da yadda ya kamata malamar aji ta tsaya. Ihun Uwar Gayya ne ya tashe ta. Ta tsallake yara da katako ta isa, ta ɓamɓare yatsun da lallashi, ta ji ɗuminsu da ƙarfinsu a cikin nata. Gini ya rushe, dutsen kitso ɗaya ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kabad, jela ta warware. Ta rungume Uwar Gayya, ta duba fatar kan, ba jini, sai ja da wurin ya yi. Ta sa mata ruwan sanyi, ta share mata hawaye, ta kuma gaya mata cewa ita ma da nata laifin, tunda an ce mata a'a ta ƙi ji.

Sannan ta juya ga Auta. A ajin akwai kujera ɗaya a kusurwa, kusa da tsintsiya, inda duk wanda ya daki wani ko ya ciji wani ke zama ya huce. Kowa ya taɓa ɗanɗana ta, har na ƙarƙashin tebur. Auta ce kaɗai ba ta san ta ba. Malama ta tattaro duk wani ɓacin rai da za ta iya arowa ta ɗora a fuska.

"Auta, ba a jan gashin mutane a ajin nan. Tashi ki je kusurwa."

Wani yaro ya matso ya ja wa Malama zane, ya rage murya.

"Malama, Auta ce fa."

"Na san ita ce."

Auta ta tashi da kanta, ta ja ƙafarta har kusurwa, ta zauna ta juya wa duniya baya. Malama ta ce kowa ya kwashe katakonsa, ita kuma ta buɗe kabad ta tura kanta ciki wai tana neman alli. Allin na aljihunta. A cikin kabad ɗin ta yi dariyarta ba sauti, hawaye na bin dariyar, har sai da ta ji fuskarta za ta iya komawa ta malama.

Da aka tashi, maman Uwar Gayya ce ta fara zuwa, mace ce da in ka ji ta ka san inda yarinya ta gaji murya. Tana ganin kitso a warware ta dire jakarta a kan tebur.

"Wane ne? Malama, ɗan wa ye? Yau sai na ga uban da ya haife shi."

"Auta ce," in ji Malama.

Nan take matar ta saki. Ta ɗauki jakarta, murya ta yi laushi. "Ayya, Auta? Baiwar Allah. A bar maganar, Malama, ai ba ta san ta yi ba."

"Ta sani sarai. Hajiya, da ɗan wani ne, me kika ce za ki yi?"

"Ai wannan daban."

"Ba daban ba ne. An ja wa 'yarki gashi har ya warware, tana da hakki. Kin ce sai kin ga uban, to ga babur ɗinsa can ya shigo. Don Allah ki kai ƙara yadda kika yi niyya, kada ki rage komai."

Matar ta kalli Malama tana neman inda wasan yake, ba ta samu ba.

Kafinta ya shigo yana cire hular kwano. Ya ga ba a fito masa da Auta ba, ya ga Malama ta ce ya ƙaraso ciki akwai magana, sai fuskarsa ta canja. Tun da aka haifi yarinyar nan, duk wanda ya ce masa akwai magana, labarin ciwo ne ke biyo baya.

"Ta faɗi ne?" ya tambaya.

"Lafiyarta lau. Ƙararta aka kawo."

Maman Uwar Gayya ta fara a ɗarare, tana tauna kalmomi. Amma mai hali ba ya daɗewa a ɗarare. Da ta juyo da kan 'yarta ta nuna masa wurin da ya yi ja, sai muryar ta dawo gida. Ta ce kitson nan jiya jiya aka yi shi, yarinya ta wuni a zaune ana ja mata kai. Ta ce ita ba ta turo 'yarta makaranta don a mayar da kanta igiya ba. Ta ce yarinyar da kullum ba ta da zance a gida sai Auta, Auta, yau ita ce da wannan sakayya.

Kafinta ya yi kasaƙe yana sauraro. Ya kalli kitson, ya kalli 'yarsa da ke zaune da jaka a cinya ta haɗe rai, ya dawo ya kalli Malama.

"Da wane hannun?" ya ce.

"Ka ji mutum," in ji maman Uwar Gayya. "Ina ce maka an ja wa 'yata gashi, kana tambayar da wane hannu?"

"Na hagu," in ji Malama. "Na daman na riƙe da katako, ta ƙi saki. Ta miƙa shi, ta buɗe, ta kama. A kan idona."

Kafinta ya nemi wurin zama, bai samu ba sai 'yar jar kujera, ya zauna gwiwoyinsa suka taso. Ya sunkuyar da kai yana juya hular kwano. Da ya ɗago, bakinsa na son yin abu biyu a lokaci ɗaya, ya rasa wanda zai bari.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce. "Wallahi ba ta kyauta ba. Ki yi haƙuri ƙwarai." Sai dariya ta ƙwace masa, ya toshe ta da tafin hannu, idanunsa suka kawo ruwa. "Ba dariya nake miki ba, Allah ya sani."

Malama ta yi wa matar bayani a taƙaice, na likita, da na cibiya, da na ƙarshen zango. Maman Uwar Gayya ta yi sototo, ta kalli hannun da ya koma ƙirji ya naɗe abinsa, ta sa bakin mayafi ta dangwale ido. Amma ta riga ta hau, kuma ta gane abin da Malama ke so da ita.

"To, na ji, na kuma taya ku murna," ta ce. "Amma dai a yi mata faɗa. A gabana."

Kafinta ya miƙe ya nufi 'yarsa, ya yi taku biyu ya tsaya. Ya waiwayo, ya rage murya.

"Malama, yaya ake yi? Ban taɓa yi mata ba."

"Yadda kake yi wa yayyenta."

Ya durƙusa a gabanta, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa. "Ke Auta. Abin da na aiko ki yi ke nan? Jan gashin mutane? Kada in ƙara ji. Ba ta haƙuri yanzu."

Auta ta zaro ido, don ba ta taɓa jin wannan muryar ta nufo ta ba. Kalma ta kamo hanya, manya uku da yarinya ɗaya suka tsaya jira.

"Ita... ta... fara."

"Ƙarya ne," in ji Uwar Gayya. "Taya ki zan yi. Kuma mun ɓata, ba na ƙara wasa da ke har abada, ko kin ba ni haƙuri."

Haƙurin dai an ba da shi, da ƙyar, ana kallon bango. Uwar Gayya ta karɓa ita ma tana kallon nata bangon, ta ƙara jaddada cewa har abada ɗin na nan. Auta ta zaro mata harshe. Kafinta na durƙushe yana kallon su biyun, sai Malama ta matso.

"Baban Auta, maganar cibiyar fa?"

Ya miƙe, ya goge fuska da hannun riga, garin katako ya bi hawayen ya zauna masa a kumatu.

"Malama, tun da aka haife ta kowa lallaɓa ta yake, har ni. Yau ne na fara ganin wanda ya ji haushinta tsakani da Allah. Ina zan kai ta in samo mata wannan? Gashin ƙashi za mu ci gaba da zuwa, zan gaya wa likita da bakina. Ki ajiye mata wurinta."

"Kusa da wa?" in ji maman Uwar Gayya. "Ni dai gobe kalaba zan yi wa tawa, a ɗaure a baya."

Kafinta ya sa hular kwanonsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran Auta ta gama kokawa da hannun jakarta. Sannan ya juyo.

"In ta ƙara, Malama, ki kira ni. Ko ina tsakiyar aiki zan zo."